Dogon Kwali a Gidan Waya

Ƙarfe tara da kwata, ƙanƙara ta binne titi,
Lorna Haugen ta turo ƙofa da kafaɗa,
rungume da dogon kwali kamar mai lallaɓa barcin jariri.
Shekara ashirin da biyu ina bayan kantan nan a Montana,
na san nauyin littafi, na san na zuma, na san na ƙarfe.
Ban tambaya ba. Ta riga ta rubuta a jikinsa:
Bindigar babanka ce, Leland, ka riƙe ta da kyau.

Na ce, Lorna, ya ƙarin haƙuri?
Ta ce, auna mini, in biya.

Da ma awo ne kaɗai.
Na jawo littafin doka, ba don ban haddace ba,
sai don idona ya sami wurin fakewa.

Rubutun nan, na ce, dole mu rufe shi.
Kwali ba ya faɗin abin da ya haɗiye.
Hanya da nisa, hannuwa da yawa,
ba a nuna wa kura inda aka rataye nama.

Leland kuma yana Idaho,
ya tsallake iyakar jiha,
ba za ta ƙwanƙwasa ƙofarsa da kanta ba.
Dillali mai lasisi a garinsu zai karɓa,
ya duba takardun yaron, ya sa shi sa hannu,
sannan ya miƙa masa gadonsa.

Ta ce, yaron da ya koyi saiti da ita yana ɗan sha biyu,
shi baƙo zai tambaya ko wane ne?
Na ce, doka ba ta ga rarrafensa ba,
takarda kawai take gani.

A gefen kwalin akwai safar Arvid, mai nauyi,
ƙaramar bindigar hannu ce kwance a ciki.
Wannan kam ba ta shiga jakata, ko da kuka.
Kai ta shagon Tobiasen, shi ke da izinin aika irinta.

Saura abu ɗaya, na ce, muryata ƙasa-ƙasa,
sai na tabbatar babu harsashi a cikin babbar.

Nan ta yi dariya, ta farko tun jana'iza.
Arvid? Mutumin da in ya dawo daji
sai ya zazzage su bisa tebur, ya ƙirga sau biyu
kamar mai haɗa kuɗin haya,
miya tana hucewa, ina masa tsiya?

Ta ja ƙarfen baya.
Wani abu ya yi tsalle,
ya gangara bisa kanta yana ƙara siririya,
ya tsaya a gindin hatimin kwanan wata.

Guda ɗaya. Tagulla. Bai ko dushe ba.

Murhun ɗaki ya ci gaba da gunaguninsa.
Ta daɗe kafin ta ce,
ranar nan ta Oktoba ya dawo da wuri,
ya ce ƙirjinsa ya matse,
ya jingina ta bayan ƙofa, ya ce bari ya zauna tukun.

Na ce, harsashi ba ya bin wasiƙa, Lorna,
ko ɗaya ne, ko na wa ne.
Ta ce, na ji.
Ta ɗauke shi, ta ɗumama shi a tafinta,
ta sa a aljihun rigar sanyi.

Na liƙe takarda mai kauri bisa rubutunta.
Maganar tana nan a ƙasa, in yaron ya ɓare zai gani.
Na auna, na buga hatimi, ta ƙirgo canji.

Ƙarfe uku mota ta kwashi jakunkuna, ta nufi yamma.
Ita kuwa tun safe ta tagar nan na bi ta da kallo,
tana tsallaka titi zuwa shagon Tobiasen,
safa a hannun hagu,
na dama bai fito daga aljihu ba.