Shirun da Na Saya a Dilimi

Ranar da na dawo daga sallar La'asar
na tarar da Nusaiba a tsakar ɗaki,
shekararta huɗu, bindigar Baba a kan cinyarta,
tana leƙa bakinta da ido ɗaya
wai tana neman inda tsaka ta shige,
ban yi ihu ba.
Gwiwoyina ne suka ƙi ɗaukata.

Babu harsashi a ciki, na sani.
Amma sani bai hana ƙirji dukan uku-uku ba,
kuma tsautsayi ba ya aiko ɗan saƙo.

Shekara talatin da ɗaya tana bayan durowa,
naɗe cikin bargon da Baba ke yafawa
sa'ad da yake gadin ramin kuza a Barikin Ladi.
Lasinta na jaka, ban taɓa barin ya mutu ba.
Sai dai takarda hukuma take yi wa magana,
ba ta jin yaren ƴar shekara huɗu.

Washegari na gangara Dilimi.
Wani yaron shago ya nuna min na kanti,
fenti na sheƙi, lambobi na ƙyalli kamar waya.
Na ƙwanƙwasa gefensa, ya amsa kamar gwangwanin madara.
Na ce, in batir ya mutu da tsakar dare fa?
Ya ce, Alhaji, ai sai a sayo wani.
Na bar shi nan da Alhajinsa.

Dalyop mai walda, can ƙarshen layi,
bai nuna min komai ba sai da ya tambaya:
tsayinta nawa, yara nawa ne a gidan,
bangon ɗakin bulo ne ko jar ƙasa.
Ya ɗora min guntun ƙarfe a tafi, hannuna ya rusuna.
Ya ce hinjis su ɓuya ciki, inda zarto ba ya kaiwa,
sakata uku su cije firam,
noti huɗu ta baya, a dasa su cikin siminti,
don akwatin da ƙarti biyu za su iya ɗagawa
tsaraba ce ka ƙulle wa ɓarawo.
Kwana biyu muna ciniki. Ya yafe min kuɗin fenti.
Ba mu tado shekarun nan ba
da unguwarsa da tawa ba sa haɗa hanya.
Ya zo Gangare da kansa ya auna,
na riƙe masa bakin tef.

Sai damina ta sauka, irin ta Jos,
mai shiga ɗaki ba ta nemi ƙofa ba.
Cikin Agusta na buɗe, na ga ja-ja a jikin ƙarfe:
tsatsa, ita ba ruwanta da makulli.
Tun daga nan, Asabar ɗin farko ta kowane wata,
ina rufe ɗaki ni kaɗai.
Sabon gawayi a ƙyalle, ya shanye laima,
ɗigon man keken ɗinkin Larai a hinjis,
garin bakin fensir a ramin makulli,
in girgiza akwatin in ji ko bango ya fara sakinsa.
Harsasai ba sa kwana da ita.
Suna da nasu gida, da nasu kwaɗo,
rabuwar da ta fi zama tare alheri.

Makulli ɗaya na wuyana, ƙarƙashin singileti,
har sanyinsa ya saba da fatata.
Na biyun, ni da Larai muka san inda yake,
ko a cikin waƙa ba zan faɗa ba.

Nusaiba ta kai bakwai bana.
Ta zana kaza da alli a jikin ƙofar, ƙafa uku,
ban goge ba.
Jiya ta manna kunne a kai, ta daɗe,
ta ce, Kaka, ni ban ji komai ba.
Na ce, to madalla.
Abin da na biya kuɗinsa ke nan.