Makullin Ruwa

Gonata ce ta ƙarshe a layin Ajiwa,
inda ruwa ke isowa a gajiye
bayan ya gaisa da mutum talatin da ɗaya.
Shi ya sa na san abin da ake kira mulki
tun kafin ɗana ya karanto mini shi a takarda.

Shekarar da aka buɗe magudana babu mai makulli.
Kowa ya tashi tsakar dare da fartanya,
ya fasa tasa kunyar, ya toshe ta maƙwabci.
Albasata ta bushe tana hango dam.
Barau ya tsaga kan Lurwanu da ƙotar gatari
a kan ruwan da ba zai cika tulu goma ba,
su da kakarsu ɗaya.

Da muka dawo daga asibiti, gindin gawo muka zauna.
Ba wanda ya furta kalmar gwamnati.
Cewa kawai aka yi:
a ba wani makullin nan, mu samu barci.

Muka ba Malam Nalado.
Baki ɗaya, magana ɗaya, babu musu.
Shekara shida yana auna rabo da inuwar sandarsa,
in ta taɓa baƙin dutse, sai ya juya ruwa.
Na sayar da tumatir, na yi wa ɗakina kwano.
Da Allah ya karɓi abinsa, ɗansa ya miƙo hannu.
Ya gaji makullin,
sandar kuwa an bar ta jingine a zaure, gara na ci.

Sai masu injin ban ruwa, su huɗu,
suka ce riƙo nasu ne,
tunda su ke sayen mai, su ke da abin asara.
Sun raba mako, ban ce ba su raba ba:
kwana shida na gonakin sama,
Juma'a tamu,
ranar da mai gadi ke tafiya masallacin gari
da makulli a aljihu.

Tsahara, matar marigayi Jatau, mai noman latas,
ita ta zo da ƙwarya da 'ya'yan tsamiya.
Kowa ƙwallo ɗaya, in ji ta,
mai inji ɗaya, mai guga ɗaya.
Rani biyu, sai ƙwarya ta sake zagayowa.

Ba zan yi maka ƙarya ba, hayaniya ta ƙaru.
Mukan kwashe daga la'asar har sauro ya fito
kan zancen da Nalado zai yanke da gyaran murya.
An sayi wasu da taki.
Ni ma an kawo mini rabin buhu cikin dare,
na ajiye shi kwana uku ina kallo,
sannan na mayar.
Ban da kwano ɗaya da na riga na zuba wa tattasai.

Jiya ɗana ya dawo hutu daga Katsina
da sunaye cike da baki:
mulkin mutum ɗaya, mulkin 'yan tsiraru, dimokuraɗiyya.
Ya ce, Baba, wanne ya fi?
Na ce ya bari sai asuba.

Muka bi magudana har inda ta ƙare,
raɓa na jiƙa mana bakin wando.
Na ce, durƙusa.
Tura yatsanka nan, gindin albasar ƙarshe,
wadda ba ta da dangi a kwamiti.
Ya tura, ya zaro, ya duba.

Da laka a farcensa.
Ba da yawa ba.

Ya buɗe baki zai ƙara tambaya,
na ce tashi mu je, mu karya da wuri.
Yau ranar ƙwarya ce,
kuma ban gama shawarar inda zan jefa nawa ba.