Ƙwayoyi Huɗu

Shekara goma sha ɗaya na ɗauki maƙoƙo
kamar ɗan tulu ƙarƙashin haɓa.
Matan Garin Malam na zuwa kitso,
su sunkuya tsakanin gwiwoyina,
ba mai kallon wuyana sai ta tashi biya.

Ran Talata aka cire shi a babban asibitin Damagaram.
Laraba na sha kunu, na yi wa Allah godiya.
Daren Alhamis tururuwa ta zo,
wadda ba a gani,
ta zagaye leɓɓana, ta gangara yatsu.
Na ce, Habsu, kakkaɓe zanin gadon nan.
Ta kakkaɓe. Ba ko ɗaya.

Kafin assalatu hannuna ya ƙage,
babban yatsa ya shige tafi,
sauran suka haɗe kamar bakin zabo.
Yatsun da suka yi wa amaren Birni da Zango shuku
suka kasa riƙe moɗa.
Ƙanwar mijina ta hau tofi, wai iska ce.

Majo Usaina ta shigo da fitilar salula,
ta ƙwanƙwasa kumatuna daidai gaban kunne,
leɓena ya zabura ba da izinina ba.
Ta ce, Baraka, ba iska ba ce.
Bayan maƙoƙo akwai ƙwayoyi huɗu,
kowace ba ta fi ƙwayar shinkafa ba,
su ke auna wa jini kalsiyum
kamar mai tiya a Kasuwar Dole.
Wuƙa ta gifta kusa da su, sun suma.

Ashe ina da ma'aikata a wuya
shekara hamsin ban san sunansu ba.

Aka rataya ruwa, yana ɗiga a hankali,
ina ƙirgawa har na manta lissafi.
Da hantsi ƙaramin yatsa ya fara miƙewa,
sauran suka biyo shi, suna jin nauyi.

Likita ya ce wataƙila su farfaɗo kafin kaka,
wataƙila kuma in sha magani har ƙarshen kwana.
Bai rantse mini ba, na ji daɗin haka.

Yanzu farar ƙwaya mai ɗanɗanon alli
na ƙulle a haɓar zanina, inda goro yake dā.
Jiya jikata ta zauna gabana,
na tsaga layi da tsinke, ya tafi daidai.
Wajen ƙeya na ji ƙafa ɗaya ta tururuwa a leɓe.
Na ce, riƙe nan, ina zuwa.
Na kwance haɓar zani.