Shekara Hamsin a Zauren Mahaƙa

Wata yarinya daga gidan rediyo ta kira ni,
wai ran Asabar shekara hamsin ke nan cif
da daren da muka fara kiɗan rok a Kitwe.
Na ce ta maimaita.
Kunnen hagu ya daɗe da yin ritaya,
na daman kuwa gyare ke kwana a ciki.

Hamsin? Ni da nake ganin kamar jiya
Chisanga ya ɓoyo wayar tagulla a aljihu,
ya ɗinke cikin lasifikar da muka saya a gwanjo,
ya ce, "Mu muka haƙo ta daga ƙasa,
yau sai ta yi mana ihu."
Ta kuwa yi.

Mu huɗu ne, da wanduna masu share titi,
da suma kamar an kife mana kwando.
Chisanga da jita, Nkandu da babbar mai gurnani,
Kapembwa na waƙa ido a rufe
don kada ya hango babansa a bakin ƙofa,
ni kuma can baya, inda ake ajiye mai ganga.

Ana tsakar waƙa ta uku wuta ta ɗauke.
Jitoci suka mutu a hannun masu su.
Ban tsaya ba, ba don jarunta ba,
tsoro ne ya hana hannuna sauka.
Sai na ji takalman aiki, ɗari biyu ko fi,
suna amsa mini a kan siminti
har aka dawo da wuta.

Faifai ɗaya muka yi a duniya.
Daga nan tagulla ta faɗi a kasuwa,
kwacha ta zama ganye,
wanda bai sayi garin masara ba ina shi ina tikiti?
Ciwon da ba a kiran sunansa ya ɗauki Chisanga,
Kapembwa ya bi shi kafin damina biyu.
Nkandu ya sayar da jitarsa ya sayi injin niƙa.
Ni na ja bas tsakanin Kitwe da Ndola
shekara ashirin da shida,
ina kiɗa wa sitiyari abin da fasinja ba su sani ba.

Bara wani saurayi ya zo daga ƙetare,
ya nuna mini a waya kuɗin da ake sayen faifanmu.
Ya fi fanshona na shekara.
Ya tambayi nawa. Na yi shiru.
Matata ta daɗe tana rufe tulu da shi,
ta ce ai faifai sunansa.

Asabar ta zo. Zauren ya zama coci,
haya aka ba mu na dare ɗaya.
Wani mai kwat ya yi dogon jawabi, ya kira ni Kapembwa,
ban gyara masa ba, bari mamaci ya sha tafi.
Nkandu ya hau dandamali da sanda da jitar aro.
Lubuto, jikar Chisanga, ta rataya ta kakanta,
har ɗage kafaɗar nan irin tasa,
dole na kawar da kai.

Ko baiti ɗaya ba mu kai ba,
wuta ta ɗauke.

A cikin duhu na ji Nkandu na dariya, tari na sarƙe shi:
"Lombe, aikinka ne."
Yatsuna sun kumbura, sanda na neman zamewa.
Babu takalman aiki yanzu,
sai hasken wayoyi da tafin yaran
da ba a haifi iyayensu ba a wancan dare.

Na ɗaga sanduna na ƙirga huɗu da ƙarfi,
kamar yadda na saba,
ɗaya ga kowa.