Bar-su

Ɗan Jimma ya kawo shi daga Jiratawa
cikin kwalin sabulu, ɗaure a bayan babur,
kunnuwa a kwance, ciki kamar an hura salka.
Ya ce, "Tun da ɓarayi sun saba da awakinka,
ga mai gadi."
Mai gadin ya dube ni, ya ɗan tsuguna,
ya jiƙa mini takalmi.

Hurera ta ce ba da ita ba.
Ta kwashe tukwanenta ta ɗora bisa rumfa,
ta ja layi da toka daga murhu zuwa randa:
"Nan iyakarsa. In ya lasa mini akushi
kai za ka wanke, sau bakwai, ɗaya da ƙasa."
Maƙwabta na leƙe ta katanga, bakin kowa da magana,
shi ya sa na raɗa masa Bar-su.

Kwikwiyo bai san najasa ba,
bai san buzun salla ba, balle zaure.
Inda mara ta cika, nan ne makewayi.
Sai na ɗebo yashin Gulbi, buhu biyu,
na zuba gindin bedi, bayan turken awaki.
Kafin assalatu in ɗauke shi can.
Ya sha kunu, can.
Ya farka daga barcin hantsi, can.
In ya fara shinshina yana zagaye kansa
kamar wanda dala ta faɗi masa a duhu,
in sure shi da gudu, ni da gwiwar da ta ƙi lanƙwasa.
In ya yi daidai, ga ƙanzo, ga shafa a ka.
In ya kuskure, ga tsumma, ga buta, ga ni.

Kwana tara muna haka.
Na goma, bayan la'asar,
na tarar da tafki a tsakiyar tabarmata,
shi kuma yana kaɗa wutsiya, wai ya yi abin kirki.
Hannuna ya riga ni zuwa ga takalmi.
Na ɗaga.
Ya manna ciki da ƙasa, ya runtse ido ɗaya,
jikinsa duk yana rawa.

Na san wannan rawar.
Shekara ashirin da wani abu, a ɗakin can na kudu,
Nomau yana ɗan shida, tabarmarsa a jiƙe kullum safiya.
Ban kai shi gindin bedi ba.
Ban tashe shi tsakar dare na riƙe masa fitila ba.
Tsumagiya na sani, da kiran yaran unguwa su yi masa waƙa.
Ya daina, i, daga baya ya daina,
ya kuma daina zama in na shigo.
Yau yana Agadas yana gyaran mota.
Wata-wata yakan aiko wa uwarsa jika goma,
ni kuma, "A gaida tsoho."

Na sauke takalmin, na sa a ƙafa, inda ya dace.
Na wanke tabarma, na shanya bisa katanga.

Daren jiya an yi ruwa, kwaɗi na ta biki a kududdufin Bagalam,
sai na ji ana yakushin ƙyaure a hankali.
Na buɗe. Ya wuce ni, ya ratsa taɓo
har gindin bedi, shi kaɗai,
ya gama, ya tono yashi da ƙafar baya,
ya dawo ya zauna daidai bakin layin toka
da ruwa ya riga ya wanke.

Hurera ta miƙo masa ƙanzo ba ta dube shi ba.
Ni kuwa na ce ta ba ni wayarta.
Ta ce, "Da wannan daren? Wa za ka kira?"
Na ce ta dai nemo mini lambar,
idona ba ya ganin ƙananan rubutu.