Aljihu Goma Sha Biyu

Shekara bakwai Mutawakilu na zaune a gindin kekena,
a shagon nan na bayan tashar Aboabo,
yana jera maɓallai a ƙasa,
baƙi wajen baƙi, fari wajen fari,
bai taɓa ce mini Baba ba.

An ce iska ce. An ce baki ne.
Wata gwaggo ta ce uwarsa ta tsallake wani abu
ran da ta fita da tsakar rana da ciki.
Mun ƙona turare har labule ya dafe,
mun sayar da firiji.

Sai a asibitin Gee, can hawa na biyu,
wata Batoniya, Madam Serwaa,
ta faɗa da Turanci, ta maimaita da Tonanci,
ni kuma na mayar wa uwarsa da Hausa a kan matakala:
galahanga.
Ta ce, "Rashin magana daban,
rashin abin faɗa daban."
Ta miƙo mana katuna cikin ambulan.

Daga ƙasar sanyi katunan suka zo.
Tuffa. Dusar ƙanƙara. Kare kwance a gado.
Yaron ya juya su, ya shinshina,
ya watsa su a kwata.
Ban ga laifinsa ba.

Na ɗauki wayata na bi unguwa:
kokon Hajiya Memunatu yana tururi,
ƙosai, ledar ruwa, buta,
torotoron da ke zuwa Kejetia,
fuskar uwarsa tana harara ta don ba ta shirya ba,
kekena, da tafin hannu a ɗage, wato a'a.
Aka wanko su a Asawase, sidi biyu-biyu.
Na tara ƙyallayen da suka rage daga ɗinkin salla
na ɗinka littafi mai aljihu goma sha biyu.
Ƙarƙashin kowane hoto na rubuta sunansa da manyan baƙaƙe,
don Madam ta ce kada in jira sai ya iya
kafin in ba shi haruffa.

Wata huɗu, shiru.
Na nuna koko, na ba shi koko.
Na nuna buta, na ɗauki buta.
Maƙwabcina mai gyaran rediyo ya ce na zama ɗan makaranta da furfura.

Ran wata Laraba, ana yayyafi,
ina tsakar taka keke,
sai ya zaro kati biyu ya ɗora a cinyata.
Keke.
A'a.
Ya toshe kunnuwansa.

Ni da nake cewa don ƙaunar ƙarar yake zama kusa da ni.
Ashe shekara bakwai haƙuri yake yi da ita
don kawai ya zauna kusa da ni.
Na ɗage ƙafa.
Shagon ya yi tsit har muka ji ruwa a kan kwano.

Yanzu in yana nan, allura da hannu.
Masu kaya suna mita, wasu sun tafi.
Su tafi.

Makon jiya na fita alwala,
na bar shaddar Alhaji Iddirisu a kan tebur, yadi biyar, ruwan toka.
Da na dawo, alli na hannunsa,
a kan shaddar kuwa haruffa huɗu, karkatattu,
na ƙarshen bai rufe ba:
KOKO.

Alli ne, shafa ɗaya ya isa.
Ban shafa ba.
Na yanka wurin a hankali,
na juya shi ciki, na yi shafin aljihun ƙirji da shi.

Ran Juma'a Alhaji ya wuce ta gaban shago
cikin sabuwar riga, yana ɗaga wa mutane hannu,
bai san abin da yake ɗauke da shi ba.
Mu kuwa muka tsallaka wajen Hajiya.
Na sayi kofi biyu.