Injin Faskare

Baba ya bar mini gatura biyu da ciwon kafaɗa.
Gaturan na rataye su a rumfa,
ciwon kuwa ya ƙi ratayuwa.

Bara na sayar da raguna huɗu,
Tanimun ya cika mini jika talatin.
Amalanken jaki ya jawo injin daga Zango zuwa Garin Malam,
yara na bin mu kamar an kamo kura.

Ba ya sara, turawa yake.
Ka ɗora masa kututturen ƙirya
irin wanda ke cinye wa Baba yini guda,
ka ja hannu,
sandar ƙarfe ta fito a hankali kamar tsoho zai miƙe,
icen ya yi nishi, ya rabu biyu.

Ashe shi ma yana da kafaɗa.
Luwil ne jininsa, da bazara sai ya tsinke kamar koko.
Ran Alhamis, kasuwa na ci,
tiyo ya fashe, ya yi mini wanka har gemu.
Mai tuwo na jira, gidan burodi na jira.
Kiyari makanike ya leƙa, ya yi tsaki:
"Wata 'yar roba ce, ba ta kai zobe ba.
Sai Kano."

Kwana tara.
Na sauko da gatari ɗaya,
ƙotar ba ta manta tafina ba.

Yanzu bayan la'asar ina goge shi da tsumma,
in duba mai, in ɗaure noti,
in lulluɓe shi da tabarmar Baba.
Gatarin ban mayar da shi rumfa ba,
yana jingine a gindinsa, na wasa masa baki.